Matafiyi Da Mutanen Zango

A makon jiya wani abu ya faru a ƙofar gidana a nan Ikko wanda ya hana ni sakat, har ya sa na ajiye maganar da na yi niyyar kawo muku yau na ɗauko wata. Wani saurayi ne ya tsaya da tsakar rana, jaka a kafaɗa, ƙafafu butu-butu da ƙura, ya roƙi ruwan sha. Maigadi ya sallame shi hannu rabbana, don kuwa umurnin da na ba shi ke nan tun tuni, cewa kada ya buɗe wa wanda bai sani ba. Da na komo daga aiki aka ba ni labari, sai na tuna da wani dattijo a ƙasar Amurka wanda ya buɗe mini tasa ƙofar alhali ko sunana bai sani ba.

Bari in fara gaya muku inda muka gamu. A gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Hanyar Afalashiya, wadda ta bi ta kan jerin duwatsu masu wannan suna. Ta taso daga Dutsen Springer a Jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14, ta ƙare a Dutsen Katahdin a Jihar Maine. Tsawonta ya kusa mil 2,200, watau wajen kilomita 3,500, abin da ya fi nisan Ikko zuwa Kano sau uku. Wani mutum mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawarar yin ta a 1921, aka gama share ta a 1937. Mota ba ta bin ta, sai dai mutum ya riƙa lura da farin fenti da aka shafa a jikin itatuwa da duwatsu don kada ya ɓata. Kowace shekara dubban mutane sukan ɗaura aniyar tafiye ta duka. Abin yakan ci wata biyar zuwa bakwai, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe.

To, ga inda maganar take. Komai ƙarfin ƙato, da wuya ya goya guzurin da ya wuce na 'yan kwanaki. Saboda haka tilas bayan kowane kwana huɗu ko biyar matafiyi ya gangaro wani ƙaramin gari, ya sayi abinci, ya yi wanka da wanki, ya karɓi saƙo a gidan waya. A wasu garuruwan, kamar Hot Springs a Karolina ta Arewa da Damascus a Bajiniya, hanyar ma ta tsakiyar gari ta bi. A Harpers Ferry, inda ofishin ƙungiyar da ke kula da hanyar yake, akan ɗauki hoton matafiyi a ajiye a kundi. Monson kuwa, a Jihar Maine, shi ne zango na ƙarshe kafin a faɗa wani daji mai tsawon mil 100. A irin waɗannan garuruwa akwai majami'u da suka keɓe ɗakin saukar baƙi, akwai kuma mutanen da kan ajiye ruwa da 'ya'yan itace a bakin hanya, ko su ɗauki matafiyi a mota kyauta. Matafiyan suna kiransu mala'ikun hanya. Abin mamaki, galibin matafiya da laƙabi suke tafiya, don haka sau da yawa mai ba da abinci ba ya sanin ainihin sunan wanda ya ciyar.

Ba yau aka fara ba. A 1955 wata tsohuwa 'yar Jihar Ohayo mai suna Emma Gatewood, mai shekara 67 da 'ya'ya 11, ta tafi hanyar duka ita kaɗai cikin kwana 146, ta zama mace ta farko da ta yi haka. Ba ta da tanti. Takalmin yadi ne a ƙafarta, da wata jaka da ta ɗinka da hannunta. In dare ya yi mata kusa da gidaje sai ta ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu sun shimfiɗa mata, sun ba ta abinci, wasu kuma sun mayar da ƙofa sun rufe, ta kwana a waje a kan ganye. Wannan ya nuna can ma 'yan Adam ne, akwai mai hannu a buɗe, akwai mai hannun jarirai.

Ni dai ban tafi hanyar duka ba. A zamanin da nake karatu a ƙasar, na yi amfani da wani hutu na taka daga Hot Springs zuwa Damascus, wajen mil 200. Kafin in tashi abokai sun ja mini kunne cewa mutanen duwatsu ba su saba da baƙar fata ba, in yi hattara. Ana cikin mako na biyu ruwa ya tsuge kwana uku ba ɗaukewa, takalmina ya yage, ƙafata ta yi bororo, guzuri ya ƙare. Na lallaɓa na gangaro bakin wani titi. A kantin farko da na shiga, mai kantin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba ya son mai caɓi a ƙafa. Na fito na zauna a gindin wata bishiya, raina a ɓace, ina cewa ashe gaskiyar abokaina.

Can sai ga wani dattijo a cikin tsohuwar a-kori-kura. Ya tsaya ya ce, "Ɗana, ka ci abinci yau?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce in hau. Gaskiya sai da gabana ya faɗi, amma yunwa ta fi tsoro ƙarfi. A gida matarsa ta fara tambayata abin da ba na ci, sannan ta kawo wake da ƙwai da burodin masara, ta kuma ɗora ruwan zafi da gishiri na tsoma ƙafa. Shi kuwa ya ɗauko taswira ya ce in nuna masa garinmu. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, bai taɓa ƙetare teku ba, hanyar ma da ke bayan gidansa bai taɓa yin wuni a kanta ba. Ya nuna mini bangon ɗakinsa cike da katunan gidan waya daga ƙasashe iri-iri, ya ce tun da Allah bai nufe shi da zuwa duniya ba, ga duniya tana zuwa ƙofarsa.

Da gari ya waye ya ɗinke mini takalmin da zaren kamun kifi, ya mayar da ni daidai inda na bar hanya. Na zaro kuɗi, ya haɗe fuska. Ya ce abu biyu yake so: in aiko da kati in na isa, in kuma wata rana wani ya tsaya a ƙofata da ƙura a ƙafa, in tuna da shi. Na farkon na cika tun daga Damascus. Na biyun ne na karya a makon jiya.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma mutanen garuruwan nan sun ga haka da idonsu. A ƙarshen Satumban 2024 guguwar da aka sa wa suna Helene ta kawo ambaliyar da ta yi wa Hot Springs da Damascus mummunar ɓarna, ta kuma tafi da gadar da matafiya ke bi a kan Kogin Nolichucky kusa da Erwin, har a 2025 sai da kwalekwale aka riƙa ƙetarar da su. Tsofaffin matafiya da suka taɓa cin abincin garuruwan suka aiko da gudummawa, wasu suka zo da kansu kwashe laka. Bikin matafiya da Damascus ta saba yi kowane watan Mayu tun 1987 bai fasa ba a 2025.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ɗabi'a ta Turawa ce kaɗai. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Cadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu shekara da shekaru suna tafe, suna tsayawa su yi ƙwadago a gonakin auduga na Sudan su ƙara gaba. Fatake sun bi madugu zuwa Gwanja sayen goro, kuma a kowane zango akwai fatoma mai sauke su. Har yau unguwannin Hausawa a Gana da sunan zango ake kiransu. Da kowane gari ya rufe ƙofarsa, da babu alhajin da ya isa, babu goron da ya iso Kasuwar Kurmi.

Na san za a ce zamani ya sake, kuma gaskiya ne. Ɓarayi da masu satar mutane sun sa kowa ya ɗaga katanga, ba kuwa zan ce wa kowa ya kwana da ƙofa a buɗe ba. Amma dattijon nan ma yana da dalilin tsoro, ga shi tsoho, ga baƙo daga wata nahiya, duk da haka ya sami hanyar da zai yi alheri. Iyayenmu sukan kafa randa a ƙofar gida da moɗa a kai, mai wucewa ya sha ya yi gaba ba tare da ya shiga zaure ba. Jiya na sa an kafa irinta a ƙofata, na kuma sake wa maigadi umurni. Saurayin nan ya riga ya wuce da ƙishirwarsa, Allah ya sa ya sami wanda ya fi ni a gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.