Katin Hoto Ɗaya, Gonaki Biyu: Rabo ne ko Aro?

Sanin kowa ne a ƙasar Funtuwa da Malumfashi cewa idan damina ta faɗi, manomin da ya bai wa maƙwabcinsa aron shanun huɗa ya haƙura ke nan da tasa gonar a wannan rana. Irin wannan hali ne ya sami ɗalibin da ya mallaki kwamfuta ɗaya tak, yana aikin karatunsa da tsarin Linux, alhali wasannin da yake ƙauna na Windows ne. Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a sauki Windows a matsayin baƙuwa cikin Linux, wato kwamfuta a cikin kwamfuta, sannan a miƙa mata katin hoto, na'urar da ke zana duk abin da ido ke gani a allo.

Mutane da yawa na kiran wannan dabara rabo. Ko shakka babu, sunan bai dace ba. Aro ne tsantsa. Muddin katin yana hannun baƙuwa, mai masauki ya makance, allonsa ya yi duhu, sai an rufe baƙuwar kafin ya dawo hayyacinsa. Wanda ke son duka biyun su yi aiki tare, tilas ya nemi kati na biyu, ko ya dogara da ɗan ƙaramin da ke haɗe da ƙwaƙwalwar injin.

Ko aron ma ba a same shi cikin ruwan sanyi ba. Shekara da shekaru katunan GeForce na kamfanin Nvidia suna ƙin aiki da zarar sun gane a cikin baƙuwa suke, su nuna kuskure mai lamba 43, har sai a watan Maris na 2021 kamfanin ya janye takunkumin, shi ma don baƙuwa guda kawai. Rabo na haƙiƙa, wato a yanka ƙarfin kati ɗaya kashi-kashi kowa ya ɗebi nasa a lokaci guda, an keɓe shi ga katunan manyan ma'aikatu, da lasisin da ake biya daban. Amma a wannan shekarar ce wasu masu ƙwazo suka nuna cewa waɗansu katunan gida ma suna iyawa in an cire musu mari. Ashe dai ba gazawar ƙarfe ba ce, lissafin kasuwa ne.

A nan ne zaluncin yake. Wanda ya sayi bijimi da guminsa ba a gindaya masa sharaɗin gonar da zai huɗe. Ɗan manomin da aka sayar da buhunan masara a kasuwar Funtuwa kafin a haɗa masa injin, ga faɗuwar darajar naira tun 2023, ina zai samo kuɗin kati na biyu? Kuma bayan duk wannan wahala, akwai wasanni irin su Valorant da ba su yarda a buɗe su cikin baƙuwa ko kaɗan.