Mu Horar da Namu Kan Dokar Ƙwadago Tun Kafin Rigima Ta Taso

'Yan uwa mazauna Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, da yawa daga cikinmu neman abinci ne ya kawo mu, wasunmu kuwa a nan aka yanke musu cibiya. Muna koyarwa a makarantun kuɗi, muna aiki a gidajen burodi, gidajen mai, kemis da gareji, wasu kuma suna aikin gwamnati a kan kwantiragi. Duk lokacin da aka sallami ɗayanmu ba notis, ko aka riƙe masa albashi, sai a garzayo wurin shugabannin ƙungiya, su kuma su tafi ba da haƙuri da roƙon arziki. Mu a ganinmu lokaci ya yi da za mu sauya salo. Kamata ya yi ƙungiya ta ware kuɗi ta horar da wasu daga cikinmu kan dokar ƙwadago da dabarun zaman ciniki da masu ɗaukar aiki, kamar yadda take ware wa gudummawar biki da rasuwa.

Dalilinmu na farko shi ne, ɗan gari idan aka cuce shi yana da kawu ko mai unguwa da zai shige masa gaba. Baƙo ba shi da wani gata da ya wuce takarda da sanin abin da doka ta ce. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda asalin garinsa ko ƙabilarsa, sashe na 40 kuma ya ba shi 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Amma duk da haka a shekarar 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ɗimbin ma'aikatanta don kawai ba 'yan asalin jihar ba ne. Ke nan matsalar ba ta wani yanki guda ba ce, kuma doka ba ta tashi da ƙafarta ta kare kowa, sai an san ta an kuma yi aiki da ita.

Ga kaɗan daga abin da Dokar Ƙwadago ta tanada. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da kama aiki. Sashe na 11 ya fayyace notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya zuwa shekara biyu, mako biyu zuwa shekara biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Wanda ya shekara yana aiki yana da hutun aƙalla kwana shida da albashinsa. Sai dai wannan doka ta leburori ce da ƙananan ma'aikatan ofis. Ƙwararru da manyan ma'aikatan gudanarwa takardar yarjejeniyarsu ce madogararsu, don haka sa hannu ba tare da karantawa ba ganganci ne. Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mu nawa ne muka san wannan?

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Duk wanda ya san Azare ya san irin waɗannan ƙananan wurare su suka fi ɗaukar mutanenmu. A nan doka ta ja da baya ta bar ma'aikaci da maigidansa, abin da ya rage sai ciniki. Shi kuwa ciniki ilimi ne. Mai zuwa zaman sai ya san yadda ake haɗa kan abokan aiki kan buƙata guda, ya san ƙarfin aljihun maigida, ya san abin da za a sassauta da abin da ba za a bari ba, sannan ya tabbatar an rubuta abin da aka amince an sa hannu. Wanda ya shiga da zafin kai kaɗai, a bakin ƙofa zai tsinci kansa.

Wasu za su ce wannan tayar da zaune tsaye ne, baƙo ya yi shiru ya ci arziki. Muna girmama wannan tsoro, amma ba mu yarda da shi ba. Wanda ya san doka ya san yajin aiki da kotu su ne matakin ƙarshe. Dokar Sasanta Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta sa sulhu a gaba: a fara zama tsakanin ɓangarorin biyu, sai mai shiga tsakani, sai Ma'aikatar Ƙwadago, sai kwamitin sasanci, kafin a kai ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un aiki ita kaɗai. Kada kuma mu manta, cikinmu akwai masu shaguna da makarantu waɗanda 'yan gari ke yi wa aiki. Su ma horon zai tsare su daga cin haƙƙin yaransu cikin rashin sani, abin da ke ɓata sunan al'umma baki ɗaya.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, a zaɓi mutum biyu ko uku, har da mace, a tura su kwas a Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilori, wadda ta ci sunan jagoran babban yajin aikin 1945, bisa sharaɗin su dawo su koyar da saura. Na biyu, a riƙa shirya taron bita a nan Azare, a gayyato jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da na NLC daga Bauchi da wani lauya, a yi bayani da Hausa da Turanci, a kuma buɗe ƙofa ga 'yan gari. Na uku, kowannenmu ya shiga ƙungiyar ƙwadagon sana'arsa ya riƙa halartar taro, domin a teburin ciniki ba a tambayar takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuma tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Muna roƙon shugabanni su sa wannan batu a jerin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa. Kafin nan, kowa ya binciki akwatinsa ya ga ko yana da takardar ɗaukar aiki. Idan babu, ya nema cikin ladabi tun ana ga-maciji da maigida.