Kadin da Ya San Kan Iyaka

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Kebbi, wadda ke zama a Birnin Kebbi, ita ce ke sake duba hukuncin ƙananan kotuna a kan aure, gado, wasiyya, waƙafi da riƙon marayu, kamar yadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Sashe na 276 ya gindaya cewa kadi, wato alƙalin wannan kotu, ko dai ya kasance lauyan da ya shekara 10 da cancantar aiki kuma yake da shaidar karatun shari'ar Musulunci, ko masanin da ya riƙe irin wannan shaida tsawon shekara 10 tare da gogewa ko shahara a ilimi. Gwamna ke naɗa shi bisa shawarar Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, kuma tun daga 2023 yana iya zama kan kujerar har ya cika shekara 70.

Waɗannan sharuɗɗa suna ƙidaya shekaru da takardu, amma ba sa tambayar inda mutum ya yi alƙalanci, alhali a ƙaramar hukumar Bagudo, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Mutanen Illo, Lolo da Tsamiya suna auratayya da na Segbana da Malanbil, suna noma da kiwo a ɓangarorin biyu, kuma dokar iyali ta Benin ta 2004 auren mace ɗaya kaɗai ta amince da shi, ta yadda magidancin da ya rasu ya bar mata da gonaki nan da can yakan bar wa magada rigimar da hukuncin kotu ɗaya ba ya kashe ta. Ga kuma shaidun da ke magana da Dandanci, Fulatanci ko Busanci, waɗanda maganarsu ke isa Birnin Kebbi a rubuce bayan ta bi ta bakin tafinta, kuma kadin da bai taɓa sauraren irinsu ba da wuya ya gane inda ma'ana ta zame.

Wannan jarida tana kira ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jihar, wadda ke miƙa sunayen waɗanda suka cancanta, da ta ɗauki aiki a kotunan kan iyaka a matsayin gogewa mai nauyi, ta kuma riƙa sanya alƙalan da suka yi hidima a Bagudo cikin waɗanda za a ɗaga zuwa kujerar kadi.