Zinaren Da Bai Yi Mako A Wuyan Mai Shi Ba

Yau za mu leƙa birnin Seoul na Koriya ta Kudu, inda aka yi gasar Olamfik ta 1988.

Ranar 24 ga Satumba, Ben Johnson, ɗan tseren Kanada, ya gama gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, saurin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Bayan kwana uku murna ta koma ciki. Gwajin fitsarinsa ya nuna sinadarin stanozolol, aka karɓe zinaren aka ba Carl Lewis na Amurka.

To, mene ne stanozolol? Magani ne da masana suka haɗa don ya kwaikwayi testosterone, sinadarin da ke sa jikin namiji ya yi tsoka, muryarsa ta yi kauri. Likitoci sun yi amfani da shi wajen wata cuta ta gado mai kumbura fuska da maƙogwaro ba zato, da kuma wasu nau'o'in ƙarancin jini. A irin wannan hali likita ne ke auna adadin, yana kuma bibiyar lafiyar hantar majinyaci.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne ku. Wataƙila wani a wurin ɗaga ƙarfe ko filin ƙwallo zai miƙo maka ƙwaya ko allura, ya ce wata guda kawai ƙirjinka zai buɗe. Ba zai gaya maka cewa irin wannan magani na lalata hanta da jijiyoyin jini ba, kuma yana rage ƙwayoyin haihuwa. Yarinya kuwa muryarta na iya kauri, gashi ya fito mata a fuska. Mafi muni ga mai shekara 14 ko 16, yana iya rufe gaɓoɓin da ƙashi ke ƙaruwa ta wurinsu, tsayi ya tsaya cak, kuma ba ya dawowa.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tsoka ta gaskiya tana zuwa ne da atisaye, isasshen barci, da abinci irin su wake, ƙwai, gyaɗa, kifi da nono. Idan wani ya kawo muku tayin ƙwaya, ku sanar da iyayenku ko malamin wasanni.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.