A Gyara Gidajen Cikin Gari Ta Hanyar Gama Kai

Malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma a Tambuwal ko Kebbe yana iya shekara talatin yana aiki, ya yi ritaya bai mallaki ko ɗaki guda ba. Alhali kuwa a cikin tsohon garin Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ya tsare ribaɗi, ga gidajen gado nan waɗanda magada suka watse suka bari, kowace damina sai wani bango ya zube.

Gwamnatoci sun daɗe suna neman maganin ƙarancin gidaje, amma kullum idonsu na bayan gari. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙuduri gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Niyyar mai kyau ce, sai dai ba a kai ko rabin abin da aka tsara ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka gama an kafa su nesa da kasuwa da ruwa da makaranta, har jama'a suka ƙi tarewa. Daga baya, dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, domin ya sami rance daga Bankin Rancen Gidaje na Tarayya. Amma banki ba ya karɓar jingina sai da takardar mallaka, kuma tun dokar filaye ta 1978 gwamna ne ke ba da ita a birane. Gidan gado na cikin gari ba safai yake da wannan takarda ba. Shaidarsa dattawan unguwa ne da alƙali. Ga kuma kuɗin ruwa, wanda shi kaɗai ya isa ya sa Musulmi da yawa su ja da baya.

A nan ne jam'iyyun gama kai za su yi rana. Ba baƙon abu ba ne, domin tun 1935 akwai dokarsu a Nijeriya, kuma adashi ya girme wa dokar nesa ba kusa ba. Ma'aikata ashirin ko talatin suna iya haɗa kuɗi, jam'iyyarsu ta sayi kango daga hannun magada bayan alƙali ya raba gado, ta nemi takarda guda da sunanta, ta gyara gidan sassa sassa, kowane sashe da ƙofarsa da makewayinsa. Ɗan jam'iyya ya biya kuɗin sashensa kaɗan kaɗan daga albashi, a kan farashin da aka yanke tun farko, ba tare da ruwa ba. Magadan da ke son zama a gidan ubansu kuwa, sai a lissafa rabonsu a matsayin jari.

An yi makamancin haka a birnin Niyok na Amurka. A shekarun 1970 masu gidajen haya sun yi watsi da benaye a tsofaffin unguwanni irin su Harlem, hukumar birni ta ƙwace su saboda bashin haraji, ta sayar wa 'yan hayar a kan dala 250 kowane sashe, da sharaɗin su zama jam'iyya. Dubban talakawa sun mallaki muhalli ta haka. To amma inda ba a ƙayyade farashin sake sayarwa ba, da unguwa ta yi daraja sai kuɗin ya haura abin da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya. Saboda haka tilas ne a rubuta cikin dokokin jam'iyya cewa mai son fita, ita zai mayar wa sashensa, ta biya shi abin da ya zuba da kuɗin gyaran da ya yi.

Haɗarin da ya fi girma shi ne ma'aji ya ci amana, abin da ya kashe jam'iyyu da dama a ƙasar nan. Wajibi ne ofishin rajistar gama kai na Jihar Sakkwato ya riƙa binciken littattafansu kowace shekara, ma'aikatar filaye ta sauƙaƙa ba da takarda ga gidajen cikin gari, ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe kuma su amince a riƙa cire gudummawar ma'aikaci tun daga wurin biyan albashi.