Lambar da Ta Fi Miliyan Sauƙin Rabo

A wurin ɗan kasuwa, miliyan ɗaya ta fi 720,720 daraja. A wurin malamin da ke rabon gado a Tambuwal ko Kebbe kuwa, ƙaramar ta fi sauƙin sarrafawa.

Idan aka warware miliyan, ba a samun komai a cikinta sai biyu guda shida da biyar guda shida, an ninka su da juna. Shi ya sa tumunin matar mamaci ke fita cif, 125,000, amma sudusin uwa ba ya fita sai da ɓurɓushi, domin babu uku a gininta. Lambobi 49 kaɗai ke raba ta ba saura.

Ita kuwa 720,720 ta samu ne daga 16 × 9 × 5 × 7 × 11 × 13. Kowace lamba daga 1 zuwa 16 tana raba ta, masu raba ta duka sun kai 240. Tumuninta 90,090, sudusinta 120,120.

Makarantun boko suna koyar da warware lamba ba tare da nuna amfaninta ba, ɗaliban fara'ili kuma suna aiki da ita kullum. Ya kamata a haɗa darussan biyu, domin kuskuren lissafin gado yakan raba zumunci.