Amo biyar na gitar

A wani biki da na halarta a Damagaram, saurayi mai gitar ya ɓata mana dare. Hannunsa na da sauri, amma da aka bar masa fili shi kaɗai, nan take ya haye ƙarshen wuyan gitar, ya rasa abin ƙarawa. Masu rawa suka zauna, liƙi ya tsaya.

Alhali amo biyar kacal yake buƙata: la, do, re, mi, sol. Gwani yakan fara daga ƙasa, kan tsirkiya mai kauri, ya faɗi ƴar magana, ya yi shiru ganga ta amsa. Ya maimaita ta, ya sauya mata wutsiya. Sai jiki ya ɗau zafi zai tura tsirkiya da yatsa, re ta miƙe ta kai mi kamar guɗa, sannan ya hau sama, ya komo gida kan la.

Ku saurari Afrique Victime ta 2021, ta Mdou Moctar, bahagon nan ɗan jihar Tawa. Waƙar ta haura minti 7. Ku lura da yadda yake jan rai kafin ya saki hannu.